Tafiya zuwa asibitin ƙarshen kwalta don horar da tsofaffin hannu

Da asuba muka ɗora kaya a mota: hannun roba na koyon sa allura a jijiya, ledojin ƙarin ruwa da igiyoyinsu, agogo mai ƙirga daƙiƙa, da takardun auna ƙwarewa. Asibitin da muka nufa an turo masa sababbin ma'aikatan jinya da suka gama makaranta. Mu kuwa wajen manyansu za mu, waɗanda za a damƙa wa riƙonsu.

Hanya ta cinye mana rabin yini. Da isarmu muka roƙi shugabar ma'aikatan jinya ta fara kai mu ɗakin marasa lafiya, don lokacin miƙa aiki ne tsakanin masu safe da masu rana. Wata sabuwar nas na fama da ƙarin ruwa, ta murɗa nan ta murɗa can, ɗigon ya ƙi daidaita. Babbar sista ta zo ta taɓa makunnin da yatsa, ta dubi ɗigon, ta wuce. Ruwa ya tafi daidai, amma yarinyar ba ta ƙaru da komai ba.

Matsalar da ta kawo mu ke nan. A 1984 wata masaniyar aikin jinya, Patricia Benner, ta kasa ƙwarewar jinya hawa 5, daga ɗan koyo zuwa gwani, ta nuna cewa gwani ya daina bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, ido da hannu ke yi masa aiki. Shi ya sa bayani yake yi masa wuya. A ganina, nas mai shekara 2 zuwa 3 a ɗaki ɗaya ta kan fi iya koyarwa, domin ba ta manta matakan ba tukuna.

Washegari muka sa kowace jagora, wato babbar nas da za ta riƙe sabuwa, ta koyar da aiki ɗaya a zagaye 4. Da farko ta yi shi shiru, da saurin da ta saba. Sai ta maimaita a hankali tana faɗin kowane mataki da dalilinsa. A na uku, mai koyo ce ke ba da umarni, jagora na aikatawa. A na huɗu mai koyo ta yi da kanta tana faɗa. Zagaye na uku aka fi tsallakewa, alhali a nan kuskuren fahimta ke fitowa fili tun ba a taɓa mara lafiya ba.

Mun daɗe a kan lissafin ɗigo. Ana ninka yawan ruwa da ɗigon igiyar, a raba da mintuna. Mililita 500 cikin awa 4, da igiya mai ɗigo 20 a mililita, ya zama 10,000 a raba da 240, wato kusan ɗigo 42 a minti. Inda ake tafka kuskure shi ne rashin duba ledar igiyar, domin ta yara ɗigo 60 ce a mililita. Wadda ta ƙirga 42 da ita, ruwan awa 4 zai kai wajen awa 12. Jagora ba za ta faɗi amsa ba. Tambaya za ta yi: “Nawa kika samu? Ta yaya kika kai can?” Sannan ta ɗaure hannunta a baya ta jira, wanda shi ne abin da ya fi ba su wahala.

Akwai inda ba a jira. Idan za a ba wani maganin wani, ko za a tura sinadarin fotasiyam kai tsaye cikin jijiya ba a sirka shi ba, abin da ke iya tsayar da zuciya, jagora ta dakatar da aikin nan take. Gyara kuma a gefe ake yin sa, a ranar, a kan aiki guda. Wadda aka tsawata wa a gaban majinyata ta kan daina tambaya, ta koma ɓoye kuskure.

Kafin mu juyo muka zauna da shugabar a kan jadawalin aiki, domin a nan irin wannan shiri ya fi mutuwa. An haɗa wata jagora da 'yar koyonta a takarda, amma ɗaya na aikin dare, ɗaya na safe. Muka nemi a jera su tare a makonnin farko, a rage wa jagora yawan marasa lafiya, kuma kada a bar sabuwar nas ita kaɗai da ɗaki da dare sai an sa hannu a takardarta. Takardar hawa 4 ce ga kowane aiki: ta gani, ta yi da taimako, ta yi ana kallo, ta yi ita kaɗai. A rubuta kwanan wata a gaban kowane hawa, don sa hannun da aka jera rana ɗaya alama ce ta cewa babu wanda ya tsaya ya kalla.

Ruwan sama ya tare mu a hanyar dawowa, sai bayan magariba muka hau kwalta.