Masu tallar katin bashi da kunyar da aka raine ni da ita

Ban daɗe da samun lambar Social Security ba, wato lambar shaida da gwamnati ke bai wa masu aiki, wadda ɗan aikin da nake yi a laburaren jami'armu a nan Amurka ya ba ni damar nema, sai wayata ta fara ruri da lambobin da ban sani ba. Zancen kullum ɗaya ne. Wai an zaɓe ni in karɓi katin bashi, babu kuɗin ruwa na wasu watanni, ga tukuici idan na sayi littattafai da shi. Mai kiran zai yi tuntuɓe a kan sunan mahaifina, ya gyara murya, ya tambayi lafiyata kamar tare muka tashi.

A nan suke cin galaba a kan irina. A gidanmu idan mutum ya gaishe ka ba ka katse shi, ko da kuwa bashi ya zo nema. Sai in tsaya ina bayani: ni ɗalibi ne, kuɗin da ake ba ni da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata, kuma addinina bai yarda da riba ba. Ashe kowane uzuri akwai amsarsa a rubuce a gabansu. Ka ce ba ka da kuɗi, ya ce ai don haka aka yi katin. Ka kawo zancen riba, ya ce idan kana biyan duk abin da ka ci kowane wata kafin wa'adi ba za a ɗora maka ko sisi ba. Gaskiya ce, amma ba zai gaya maka abin da ke biyo baya ranar da ka makara ba, lokacin da ruwan ke iya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara.

Wata Ba'amurkiya da muke aiki tare a teburin aron littattafai ta ji ni wata rana ina wannan dogon bayani, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce kada in ƙara cewa "ba na so". Abin da zan ce shi ne su saka lambata a jerin waɗanda kamfaninsu ba zai sake kira ba, in kashe. Doka ta tilasta musu su bi wannan, shi kuwa "ba na so" a wajensu yana nufin a gwada wani makon.

Daga nan na bi sauran ƙofofin. Tun 2003 hukumar FTC mai kare masu saye ke da rajistar Do Not Call, wato jerin lambobin da aka hana 'yan talla kira, kyauta ce, kana kiran 1-888-382-1222 da wayar da kake son a saka. Sai dai ana ba 'yan talla har kwana 31 kafin su daina, kuma ba ta hana kamfanin da kake hulɗa da shi kiranka, kamar bankin da ka buɗe asusu. Shi wannan sai ka gaya masa da bakinka. Su kuma masu turo takardun tallar kati da ke cika akwatin wasiƙa, daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane suke samo sunaye, irin su Equifax, Experian da TransUnion. Ana iya rufe wannan na shekara biyar ta 1-888-567-8688. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne makaranta kanta. A ƙarƙashin dokar FERPA ta 1974, mai kula da bayanan ɗalibai, jami'a na iya fitar da suna da adireshi da lambar wayar ɗalibi, sai in ya je ofishin magatakarda ya nemi a ɓoye. Fom ne shafi ɗaya.

Wai a hakan ma sauƙi muka samu. Tsofaffin ma'aikata suna ba da labarin lokacin da bankuna ke kafa tebur a tsakiyar makaranta suna raba riga da fiza ga duk wanda ya cike fom. Dokar da Obama ya sa wa hannu a 2009 ce ta hana wannan, ta kuma ce wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna hanyar samun kuɗinsa ko ya kawo wanda zai tsaya masa.

Waɗanda suka rage su ne ɓarayi, kuma ɓarawo ba ya duba rajista. Murya ce da aka naɗa, ta ce za a rage maka kuɗin ruwan katinka, ka danna 1. Ni da ban ma da katin! Lambar kan fito da lambobin farko irin na garinmu don in zaci maƙwabci ne. Ba na danna komai, don ko lambar da suka ce ta cire suna ce tana iya nuna musu cewa akwai mutum a kan layin.

Matsalar da ban warware ba ita ce, a ƙasar nan mai gidan haya ma yakan duba tarihin bashinka kafin ya ba ka makulli. Ina son barin ɗakin makaranta baɗi, don haka zan je banki da ƙafata in tambayi irin katin da ake ajiye kuɗin jingina kafin a ba ka, don in fara tara tarihin bashi, bayan na yi magana da limamin masallacinmu.