Yadda na karɓo kuɗin koshon ɗina bayan rasuwar mai gida a Agege

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas ya san ba kuɗin haya kaɗai ake lissafa masa ba. Akwai na ejan, akwai na agirimen da ake cewa na lauya ne ko da ba ka taɓa ganin ƙeyar lauyan ba, sannan ga kuɗin koshon, wanda ake ajiyewa saboda ko ka lalata wani abu a gidan. Na ejan da na lauya in sun tafi sun tafi ke nan. Na koshon kuwa naka ne, ajiya ka ba mai gida, in ka tashi ba ɓarna ya maido maka abinka. Amma zagaya Agege da Idi-Araba da Mile 12 ka tambayi mutanenmu. Da yawa ba su ma san ana dawo da shi ba, waɗanda suka sani kuma kunya ta hana su tambaya.

Ɗinki nake yi a Agege. Gidan da na zauna, ɗaki da falo ne ba nisa da titin jirgin ƙasa, kuma mai gidan dattijo ne Bahaushe haifaffen nan, jikan fataken goro. Baba muke ce masa. Ranar biyan kuɗi ɗansa ne ya ɗauko takarda guda, zai haɗa komai ya rubuta jimla. Na ce a yi haƙuri a raba mini, rasit ɗin haya daban, na koshon daban, naira dubu ɗari, a rubuta cewa za a dawo da shi. Wani magatakardan lauya da nake wa ɗinki ne ya taɓa ja mini kunne a kan haka.

Ɗan ya ɓata rai. "Haba Malam, tsakaninmu har sai an kai ga haka?"

Na juya wajen tsohon na ce, "Baba, ba rashin yarda ba ne. Saboda halin rai ne da mantuwa."

Ya gyara zama a kan buzunsa ya ce wa ɗan, "Rubuta masa. Ai Allah ma cewa Ya yi a rubuta." Aya ta 282 ta Suratul Baƙara yake nufi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi take. Har yau mamaki nake yi yadda muka san ayar nan tun muna makarantar allo, amma da an zo maganar haya sai mu ga neman takarda kamar zagin dattijo ne.

Dokar hayar gidaje ta jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ita ma tana bayana. Sashe na 10 ya ce in mai gida ko wakilinsa ya karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna da gyara, ko kuɗin hidimomin gida, wajibi ne ya ba da rasit na daban, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce, aƙalla duk wata shida, na yadda aka yi da kuɗin. Rasit ɗin haya kansa tilas ne, da kwanan wata da sunaye da adireshin gidan da adadin kuɗi da tsawon lokacin da aka biya. Mai gidan da ya ƙi bayarwa tararsa naira dubu ɗari.

Kafin in shigo da ko tabarma, na kunna kyamarar waya na bi gidan lungu-lungu ina magana. Ga tayil guda biyu a bakin banɗaki, sun tsage tun daga kusurwa. Ga silin ɗin falo, ruwa ya zana masa wani baƙin da'ira a saitin taga, alamar kwano na yoyo. Gilashin luba ɗaya babu, an cusa kwali. Na haska lambar mita. Daga nan na tura wa ɗan Baba bidiyon ta WhatsApp a ranar, ya amsa da "To, na gani." Wannan gajeriyar amsa ta fi mini shaidu goma amfani daga baya, don tana ɗauke da kwanan wata, kuma daga wayarsa ta fito.

Baba ya rasu ina cikin gidan, Allah Ya jiƙansa. Muka ci gaba da biyan haya a hannun ɗan. Da na samu wuri a Ketu kusa da inda nake son mayar da shagona, na sanar da shi a rubuce tun da wuri, na ce a zo mu duba gida tare ranar da zan miƙa makulli.

Maganarsa ta farko ita ce bai san da wani koshon ba, wai harkar marigayi ce. Na nuna masa rasit da rubutun hannunsa. Sai zance ya canza. Ya dawo da lissafi a bayan wata takardar kalanda: fentin gida gaba ɗaya, sabon silin, tayil, gilashi, kwashe masai, ƙofar kicin. Da ya haɗa, kuɗin ya zarce dubu ɗari. Wato ni ne ma zan ciko. Ya ƙara da cewa firjin maiɗakina ba zai fita daga gidan ba sai na biya.

A nan ne sanin abin da ke kan wa ya yi mini rana. Doka ta ɗora wa ɗan haya ya kula da cikin gida, amma ta cire tsufan da abu ke yi saboda amfani na yau da kullum. Fenti ya dushe bayan shekaru, wannan tsufa ne. Yaro ya yi lilo da ƙofar kicin har ta ɓalle, wannan ɓarna ce, kuma yarana ne suka yi, ban musa ba. Gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kansu yana kan mai gida, saboda haka kwanon da ke yoyo ba nawa ba ne, balle silin ɗin da ya ruɓe a ƙarƙashinsa. Maganar firji kuwa, dokar ta hana mai gida ƙwace kayan ɗan haya ko hana shi kaiwa gare su. Wanda ma ya yi yunƙurin fitar da ɗan haya da ƙarfi, ko ya yi masa barazana, ko ya kware rufi don ya tashi, yana iya fuskantar tarar naira dubu ɗari biyu da hamsin ko ɗaurin wata shida. Na faɗa masa wannan a tsanake, ba a gaban mutane ba. Firji ya fita.

Wasu abokaina sun ce wahalar da kaina nake yi. Dabararsu ita ce mutum ya ƙara wata ɗaya ko biyu a gida bayan haya ta ƙare, ya ce a cire a koshon. Ban yarda da ita ba. Da ka yi haka ka koma mai bashin haya, ka miƙa wa mai gida hujjar da bai da ita, kuma duk inda aka je kai za a fara tambaya.

Abin da ke sa rigimar nan ta yi yawa a Legas shi ne kuɗin a aljihun mai gida yake zama. A Ingila, tun watan Afrilu na 2007, mai gida ba ya riƙe irin wannan kuɗi yadda ya ga dama: sai ya yi masa rajista a ɗaya daga cikin tsare-tsaren da gwamnati ta amince da su, yanzu cikin kwana 30, in ya ƙi kuma kotu na iya sa shi ya biya har ninki uku. Tun 2019 ma an ƙayyade cewa kada ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje. Dokar Legas ba ta kafa wanda zai riƙe kuɗin a tsakani ba, sashe na 10 kuma bai faɗi ranar da za a maido ba. Mai gida ya karɓa yau, gobe ya sayi siminti da shi ko ya biya kuɗin makaranta. Ranar da ka zo tashi, daga aljihunsa zai fitar, shi ya sa yake jin kamar asara ce ta same shi, ya shiga laluben abin da zai cire. Ba na jin ɗan Baba mugu ne. Kuɗin ne ya daɗe da shigewa, ga kuma 'yan'uwa suna jiran rabon gado.

Na rubuta masa wasiƙa gajeriya. Na sa kwanan rasit, na nemi bayanin kuɗin a rubuce kamar yadda doka ta ce, na yarda a cire gyaran ƙofa, na nemi a nuna mini rasit ɗin kafinta, na kuma ba shi mako biyu. Na riƙe kwafi. Da shiru ya yi yawa, na sami limamin masallacin unguwa bayan sallar Isha'i. Malam bai duba dokar Legas ba ko kaɗan. Abin da ya ce wa ɗan shi ne, "Wannan ajiya ce a wuyan mahaifinka. Ba a raba gado sai an sauke bashi. Kana so ka bar shi da nauyin dubu ɗari?" Na ga jikinsa ya yi sanyi, amma ya ce sai ya yi shawara da sauran magada.

Ban tsaya jira kawai ba. Na je cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jihar, wadda ke aiki tun 1999, kuma kyauta take sauraron irin wannan rigima ta mai gida da ɗan haya. Na shigar da koke, aka rubuta takardar gayyata. Da ba a daidaita ba, akwai kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a kotunan majistare a 2018, mai karɓar ƙarar da ba ta wuce naira miliyan biyar ba, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Ba mu kai can ba. Da takardar gayyata ta isa gidan, babbar yayarsu ce ta kira ni. Ta ce, "Malam, kada sunan Baba ya shiga ofishin hukuma a kan wannan. Zo mu zauna."

Muka zauna a zauren gidan, liman yana nan. Na kunna bidiyon. Da aka zo wajen baƙin da'irar silin, ta kalli ƙaninta, ba ta ce komai ba. Aka cire dubu goma sha biyar na ƙofa, aka tura mini sauran ta banki a wurin, muka sa hannu cewa babu sauran bashi tsakaninmu.

Mutanenmu da ke haya a Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island su lura, dokar 2011 ta cire waɗannan unguwanni huɗu daga cikinta. A can, abin da aka rubuta a agirimen ne babban madogara, don haka a karanta shi da kyau, ko a nemi wanda zai karanta.

A gidan Ketu na nemi a ƙara layi uku a yarjejeniya: adadin koshon, cewa za mu duba gida tare ranar fita, da ranar da za a maido kuɗin. Na ce mako biyu bayan miƙa makulli. Ejan ya ce shi bai taɓa ganin ɗan haya mai ƙa'ida irina ba, ya kira mai gidan a waya, suka yi ta Yarbanci. Muka tsaya a kan kwana 30, aka rubuta, mai gidan ya sa hannu a gefen layin.