Litinin, 20 ga Mayu, 2024: Ranar da Na Koma Terminus

Yau shekara goma cif da rasuwar Yayana, yau ne kuma karo na farko tun wancan lokaci da na sa ƙafata a kasuwar Terminus da ke tsakiyar Jos. Ina rubuta wannan da dare bayan Mama ta kwanta, ruwan da ya sauko tun la'asar bai ɗauke ba, hannuna ma bai gama daina rawa ba.

Ranar Talata ce, 20 ga Mayu, 2014, da misalin ƙarfe uku na rana. Bam na farko ya tashi a bakin kasuwa, jama'a suka ruga domin su ciro waɗanda suka ji rauni, kafin a gama kwashe su na biyu ya tashi a tsakiyar masu ceton. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 118 ne suka mutu, Kirista da Musulmi, galibinsu 'yan kasuwa da masu sayayya. Yayana takalma yake sayarwa, na farkon kuma bai taɓa shi ba. Komawa ya yi domin ya taimaka. Kwana biyu muna zagaya ɗakunan ajiye gawa na asibitoci, a ƙarshe ni ce na gane shi, da makullin da ya saba ratayawa a ɗamararsa, domin wuta ba ta bar mana fuskar da za mu duba ba. Ban taɓa gaya wa Mama abin da na gani a ƙarƙashin zanen nan ba.

Ni tela ce, shagona yana Tudun Wada, duk wanda ya san sana'ar kuwa ya san cewa yadi da zare da zif da maɓalli a Terminus da titin Ahmadu Bello ake samunsu da sauƙi. Shekara goma yaran shago nake aika. Idan mai keke ya nufi wajen, sai in sauka tun da nisa in biya kuɗin cikakke. Idan na ga mota a fake a bakin coci babu kowa a ciki, gabana yakan faɗi har a tashi daga sujada. Mu mutanen Jos mun ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, mun ga yadda aka kai hari hedikwatar cocin COCIN da cocin St. Finbarr a Rayfield a 2012, tun daga lokacin kuma muka saba da a bincike jakar mutum kafin ya shiga gidan Allah, saboda haka ba wanda ya taɓa ganin laifina. Ni ce nake ganin laifin kaina. Ina ɗaura zanen Zumuntar Mata in tsaya a bakin kabarin wasu ina rera waƙoƙin bege, kowace Ista ina amsawa da ƙarfi cewa hakika ya tashi, alhali akwai titi guda a garin haihuwata da na kasa bi. Na daɗe ina ɗauka cewa tsoron nan shaida ce cewa bangaskiyata ta baki ce kawai.

Jiya Lahadin Fentikos ce, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki. Kafin fasto ya kai ga Ayyukan Manzanni sura 2, sai ya mayar da mu Yohanna sura 20, ya ce mu lura da ƙofa. A yammacin ranar da Yesu ya tashi, almajirai suna cikin ɗaki, ƙofofi a kulle saboda tsoro, ko da yake Maryamu Magadaliya ta riga ta gaya musu ta ga Ubangiji. Ya zo ya tsaya a tsakiyarsu, ya yi musu gaisuwar salama. Bayan kwana takwas, ranar da Toma yake tare da su, ƙofofin suna kulle har yanzu, mutanen da suka gan shi da idanunsu ne kuwa suka kulle. Bai tsaya a waje yana jira sai sun yi ƙarfin halin buɗewa ba, bai kuma tsauta musu a kan sakata ba. Sai da aka yi kwana 50 kafin Bitrus ya miƙe a bainar jama'a, a cikin birnin nan da aka gicciye Ubangijinsa, ya yi wa'azin da ya jawo mutum wajen 3,000. Sau nawa na karanta wannan wuri ban taɓa ƙirga kwanakin ba.

Abin da ya hana ni barci jiya shi ne hannuwan. Yesu ya nuna musu hannuwansa da gefen jikinsa, wato jikin nan da aka ƙusance aka soka, shi ne ya tashi, da tabonsa. A daren ne na yarda da abin da na daɗe ina kauce wa: abin da ke ƙarƙashin zanen nan shi ne ya ɗaure ni, tunanin cewa abin da wuta ta mayar da Yayana shi ne kamanninsa na ƙarshe. Na tashi na buɗe 1 Korintiyawa sura 15, inda Bulus ya ce Almasihu ya bayyana ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, yawancinsu kuma suna da rai sa'ad da yake rubutun, kamar mai cewa duk mai shakka ya je ya tambaye su. A can gaba ya kwatanta jiki da iri, wanda ake binnewa da lalacewa da rashin daraja, a tashe shi da ɗaukaka. Ni da na taso ina ganin Mama tana yafa acca, ƙwayar da ido da ƙyar yake gani, na san cewa ba a auna gona da kamannin irin da aka zuba mata. Wasiƙar Ibraniyawa kuma, a sura 2, ta kira zaman masu tsoron mutuwa bauta. Kalmar ta yi mini zafi, domin ta faɗi gaskiyar shekaruna goma.

Da safe na ce, "Mama, yau ni da kaina zan je sayen yadi." Ta daɗe tana dubana, ta san ranar, ta san wurin. Ta ce, "Ki sha kunu tukuna." Da na gama ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a, sa'an nan ta ce, "Ɗana ba ya Terminus, 'yata, yana wurin Ubangijinsa. Je ki dawo lafiya."

Na sauka daga keke kusa da kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, gumi yana karyo mini duk da sanyin hadarin da ya haɗo. Ban yi taku ashirin ba wani ya saki ƙofar shago ta ƙarfe, ƙarar ta sa na durƙusa a ƙasa ban sani ba. Wata mai sayar da tumatir ta kama ni tana cewa, "Sannu, Anti, ƙofa ce." Na miƙe. Ƙafafuna suna so su koma, bakina kuma yana maimaita ƙarshen Shaidar Bangaskiya, inda muke furta tashin jiki da rai na har abada, da haka na kai inda teburin Yaya yake a da. Wani saurayi ne a wurin yanzu yana sayar da caja da murfin waya, lokacin da abin ya faru bai fi ɗan firamare ba. Na tsaya na ɗan lokaci, na gode wa Allah domin Yayana ya koma taimakon mutane, abin da shekara goma nake jin haushinsa a ɓoye a kansa.

A shagon atamfa wani dattijo ya yi ta kallona, can ya tambaye ni ko ni ƙanwar mai takalma ce, domin goshinmu ɗaya. Na ce, "Ni ce, Baba Alhaji." Ya ce ɗansa na biyu ma a ranar ya tafi, shi ma a bam na biyu. Ya jawo mini kujera, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, 'yata. Akwai ranar tsayuwa, ba jinin da zai ɓace a wurin Allah." Mun bambanta a kan ko wane ne Yesu, ya sani, na sani, amma mun zauna kusan rabin sa'a kowa yana ba da labarin nasa, muka yi kuka a gaban masu ciniki. Turmi biyu na saya, ya rage mini kuɗi, na ƙi, ya rantse sai na karɓa.

Da na iso gida Mama ta shafa atamfar ta ce ruwanta ya yi kyau, ba ta tambaye ni komai ba. Sai da na kwance leda na ga na manta da zif, shi ne kuwa abin da aikin gobe ya fi bukata. Yarinyar shago ta ce za ta ruga da sassafe ta sayo. Na ce ta jira ni ƙarfe tara, tare za mu tafi.