Wata shida ina rubuta waƙar kantiri a Nashbil

A shekarar da na kammala karatu a jihar Tenesi ta Amurka, na yi kusan wata shida ina zama da wata matashiyar mawaƙiya da ta fara tashe a ƙananan wuraren kiɗa na birnin Nashbil, muna rubuta waƙoƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin ƙasar. Ita 'yar wani ƙaramin gari ce a gabashin Kentaki, inda haƙar kwal ta daɗe tana ciyar da jama'a kafin ramukan su fara rufewa. Ni kuwa abin da na zo da shi bai wuce ɗan iya jita da son waƙa ba.

Al'adar birnin ita ce marubuta biyu ko uku su shiga ɗaki da hantsi, su fito da waƙa kafin la'asar, kuma galibi kowa yana samun kaso daidai da na sauran ko da layi guda ya saka. A zamanmu na farko na kawo baiti biyu da nake ji da su, cike da yabon gari mai albarka da mutanen kirki, kamar mai yi wa garin kirari. Ta karanta a nutse, ta ajiye takardar, sannan ta tambaye ni ko wane gari nake nufi, domin a ganinta babu garin da ba za a faɗa wa haka ba. Raina ya ɗan sosu, amma gaskiyarta ce.

Sai ta ba ni labarin akwatin abinci na ƙarfe da mahaifinta yake tafiya da shi ramin kwal, wanda hannunsa ya karye aka ɗaure da waya, da yadda mahaifiyarta take barin fitilar baranda a kunne har sai ta ji ƙarar tayoyin motarsa a kan tsakuwa. Daga waɗannan abubuwa biyu muka gina waƙar gaba ɗaya, ba mu ambaci kewa ko talauci ko sau ɗaya ba. A nan na gane cewa mai sauraron kantiri so yake a nuna masa abin, shi zai ji sauran da kansa.

Na kuma so in ƙara doki da makiyayi mai malafa don waƙar ta yi kama da abin da nake ji a rediyo, ta hana, ta ce a kwarinsu babu mai kiwon shanu a kan doki, kuma mutanen gida ne za su fara gane ƙaryar.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haƙuri. Masu sana'ar suna kiran Nashbil garin shekara goma, wato sai mawaƙi ya yi kamar shekara goma yana fama kafin ya yi fice, kuma sukan kawo misalin mawaƙiyar kantiri Lainey Wilson, wadda ta baro Baskin, ƙauye mai mutum ƙasa da 300 a Luwiziyana, a 2011, ta zo Nashbil ta zauna a ɗan ɗakin kwana da ake ja da mota, waƙarta ba ta hau matsayi na ɗaya a rediyo ba sai a 2021. Tamu waƙar an rera ta a zaman marubuta, inda mawaƙa ke zama a da'ira kowa da jitarsa suna karɓa-karɓa, irin tsarin da Bluebird Cafe, wani ƙaramin wurin kiɗa a birnin, ya yi suna da shi. Har na bar birnin babu kamfanin da ya ɗauke ta, abokiyar aikina kuwa tana shekararta ta huɗu a can, da rana tana aiki a gidan abinci, da dare tana waƙa.