Talata: baƙin layi uku a ƙarƙashin wutsiya

Hazo ya sarara yau. Da na fito sallar asuba na ga taurari, abin da ban gani ba tun Asabar, na ce to, ƙaramin jirgin nan da ya kwana biyu a filinmu yau zai samu hanyar Diffa. Na sha kunu a tsaye. Ɗan garuwa bai zo ba, Uwargida tana ta mita, na ajiye mata kuɗin ruwa na hau babur raina fes.

Zagayen duba jirgi kafin tashi, aikina na makanikin jirgi, na san shi kamar yunwar cikina. Daga hanci nake farawa. In bi bakin farfela da yatsa ko tsakuwa ta ci ta, in tatsi mai kaɗan daga ƙasan tanki in ɗaga kwalbar a haske ko akwai ruwa ko datti, in duba tayoyi da birki, in taɓa wayar kulle a kan kowane noti in ga ta ɗauru ta ɓangaren da take jan notin ya ƙara matsewa. Jiya da la'asar na yi wannan zagayen, yau na sake. Har na buɗe littafin jirgi, biro a hannuna, sai na ji Auta, yaron da nake koya wa aiki, a bayana.

"Maigida."

Na ce ina jin ka.

"Don Allah, in ba damuwa, ku ƙara duba ƙarƙashin wutsiya. Gefen hagu."

Ya faɗa yana kallon takalminsa. Na ja tsani na hau da tocila. Ribiti uku a jere, ƙusoshin nan da ke riƙe fatar jirgi, kowanne da siririn baƙin layi a bayansa kamar an ja kwalli. A wurinmu cewa muke ribitin yana hayaƙi. In ya saki a cikin raminsa, girgizar jirgi tana sa ya yi ta gogar alminiyam ɗin, garin da ke fita ya yi baƙi, iska ta ja shi baya. Na danna fatar da babban yatsa, na ji ta ɗan motsa. Fentin da ke kewaye da kan na tsakiya ya tsage. Na sa gilashin ƙara girma na bi layin, ban ga tsagewa a ƙarfen ba, amma abin da ke ciki ba a ganinsa daga waje sai an buɗe murfin dubawa.

Na sauko na ce, yaushe ka gani?

"Jiya, Maigida."

Me ya hana ka faɗa?

"Na ga kun riga kun wuce wurin. Na ce ko ƙura ce. Kuma ran nan kun ce…"

Bai ƙarasa ba. Na tuna. Makon jiya ya tsayar da ni a gaban matuƙa biyu a kan wata taya da ya ga kamar ta yanke, aka duba ba komai, ni kuma na ce masa in manya suna aiki yaro ya iya bakinsa. Matuƙan suka yi dariya. Ni kafin azahar na manta. Shi ya riƙe ta kwana bakwai, jiya kuma ya tafi gida ya kwana da ribiti uku a cikinsa.

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya zo da sauri. "Malam, ƙusa uku cikin dubbai za su hana mutane tafiya?" Na ce Shef, ba ni zan yanke ba, ba ku ba kuma, littafin gyaran gangar jirgin na kamfanin da ya ƙera shi ne zai faɗa. Sa hannuna a shafin nan shaida ce cewa na duba kuma jirgin ya cancanci tashi, lambar lasisin da ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ta ba ni ce a ƙasa. Na ɗauki hotuna da ma'auni a gefe na tura Yamai. Bayan awa ɗaya amsa ta zo: a tsayar da shi, gobe za a aiko da ribiti da bindigar bugawa, a buɗe a duba ciki tukuna. Na rubuta laifin a littafi, na bar gurbin sa hannu fayau. Fasinja suka watse da jakunkunansu. Wata tsohuwa ta ce mini Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ce amin, Inna.

Tun lokacin labarin da aka koya mana a makaranta yake dawo mini. Ranar 28 ga Afrilun 1988, wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya tashi daga Hilo zuwa Honolulu, a tsibiran Hawai na Amurka. Yana ƙafa 24,000 a sama, rufin gaba mai tsawon fiye da mita 5 ya yage ya tafi, iska ta fizge ma'aikaciya ɗaya, matuƙan suka sauke sauran mutane a Mawi. Jirgin ya yi tashi da sauka kusan 90,000, ƙananan tsagewa sun yi ta bin ramukan ribiti har suka haɗe. Abin da ya fi tsaya mini tun ina ɗalibi shi ne, daga baya wata fasinja ta ce ta ga tsagewa kusa da ƙofa lokacin da take shiga, amma ba ta gaya wa kowa ba. Ni kaina na sha ba yara wannan labarin. Auta ma na ba shi.

Namu ba mai matsin iska a ciki ba ne irin wancan, ƙila da ya je Diffa ya dawo lafiya. Ba wannan ke cin raina ba. Sau biyu na wuce wurin da tocila ban gani ba, idon ɗan shekara ashirin da ɗaya ya gani, kuma ni na rufe masa baki da kaina. Kunyar da muke yaba yaro da ita a gida, wadda nake so in gani a wurin 'ya'yana, ita ce ta kusa sa ni sa hannu yau. Ina son kunyar nan, da ita aka raine ni a Zango. Amma a gindin jirgi ban san inda zan ajiye ta ba.

Na ce masa madalla, a gaban Shef da Baba mai gadi. Ya ce to. Bai ɗago kai ba.

Rana ta yi zafi. Tuwo da miyar kuka. Ɗan garuwa sai bayan la'asar. Wuta ta tafi ƙarfe tara.

Na kira Auta sau biyu bayan isha'i, wayarsa a kashe. Na ciro tocilata ta biyu, mai kyau ɗin, na sa mata sabon batir, na ajiye a aljihun rigar aikina don kada in manta da safe.