Daga Gwanzu zuwa Hong Kong: bin sawun kansar bayan hanci

Yawancin masu zuwa Gwanzu, birnin da ke kudancin ƙasar Sin, sayen kaya ke kai su. Ni wata kansa ce ta kai ni, wadda ke fitowa can saman maƙogwaro, bayan hanci, inda ido ba ya kaiwa sai da kyamara. A mafi yawan ƙasashe ba ta cika kama mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, shi ya sa likitan kunne da hanci da maƙogwaro irina kan daɗe bai haɗu da ita ba. A kudancin Sin kuwa ta yi yawan da har aka yi mata laƙabi da ciwon Kanton, wato tsohon sunan garin.

Daga filin jirgin sama na Baiyun na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gari, washegari na yi sammako zuwa Cibiyar Kansa ta Jami'ar Sun Yat-sen da ke titin Dongfeng. An kafa ta a 1964, shekarar da masana Epstein da Achong da Barr suka gano ƙwayar cutar bairos da ake kira EBV a Landan, wadda daga baya aka tabbatar tana da hannu dumu-dumu a wannan kansa.

A ɗakin duba hanci na fi zama. Ana fesa wa mutum maganin kashe zafi, a zura siririn bututu mai kyamara, nan take bayan hancinsa ya bayyana a allo. Akwai wani lungu daf da bakin hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, a nan ƙarin ya fi tsirowa. Idan ya toshe hanyar, ruwa ya taru a kunne guda, ji ya ragu, sai a yi ta shan maganin ciwon kunne, ciwon na gaskiya yana can yana ci. Wasu kuma ba sa zuwa sai ƙullutu ya fito a wuya, ko majina ta riƙa zuwa da jini. Likitan da na zauna kusa da shi ya ce duk baligin da kunnensa ɗaya ya toshe ba dalili, ba ya sallamarsa sai ya leƙa wannan lungu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Idan an ga ƙari sai a gutsuri tsoka a kai gwaji, hoton MRI kuma ya nuna ko ya taɓa ƙasan ƙoƙon kai.

Ba da tiyata ake farawa ba, domin wurin yana da wuyar kaiwa, ga jijiyoyi, kuma ciwon yana jin gashi sosai, wato ƙona ƙari da hasken na'ura. A sashen gashi na ga yadda ake jiƙa abin rufe fuska na roba a ruwan ɗumi, a ɗora wa majiyyaci ya bi siffar fuskarsa, don kada kai ya motsa ko kaɗan. Kwana 5 a mako, har mako 6 zuwa 7, galibi tare da ƙarin ruwan maganin kansa mai suna sisfilatin. Kwamfuta ce ke karkasa hasken don a kare ƙwayoyin yawu, amma duk da haka na lura kusan kowa a layin yana riƙe da gorar ruwa. Bushewar baki ce. Ganin wani matashi yana kurɓa kafin ya iya amsa gaisuwar ma'aikaciyar jinya ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya sauke ni a tashar West Kowloon ta Hong Kong cikin kamar awa guda. Da gangan na bi ta titin Des Voeux na yamma, inda ake rataye busasshen kifi mai gishiri a bakin shaguna. Dokta John Ho na wannan birni ne ya fara danganta shi da ciwon a farkon shekarun 1970, musamman idan an ci shi tun ana yaye, kuma yau hukumar binciken kansa ta duniya ta sa irin wannan kifi cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Zangona na ƙarshe shi ne Sha Tin, wani yanki na Hong Kong, inda Farfesa Dennis Lo da abokan aikinsa suka gwada jinin maza 20,174 marasa wata alama, suna neman ɓurɓushin EBV. Sakamakon da suka fitar a 2017 ya nuna 309 ne gwajinsu ya nuna ƙwayar sau biyu, aka samu kansa a jikin 34, kashi 71 cikin ɗari a matakin farko ko na biyu, lokacin da gashi kan warkar da mafi yawa. Aiki ne da ya burge ni matuƙa. Sai dai a ganina a inda ciwon yake da yawa ne gwajin zai yi amfani. A ƙasashen da ba a cika samunsa ba, zai tayar wa lafiyayyu da dama hankali kafin a gano majiyyaci guda.