Ba kebul ɗina ba ne, ramin motarka ne

Shekara 7 kenan ina sai da caja da kebul a Farm Centre nan Kano, kuma ba ƙorafin da ya fi dawo min shago irin na cajin mota. Mutum zai sai kebul yau, jibi sai ga shi rai a ɓace wai jabu na ba shi.

Satin da ya wuce wani direba mai jigilar Kano zuwa Kaduna ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ce "Malam, tun Kwanar Ɗangora na jona wayar nan tana 30, har na shiga Kawo tana 33, wannan wane irin kaya ne?" Na ce ranka ya daɗe muje wajen motar. Na ɗauki ƴar mitar da nake gwaji da ita na soka a ramin USB ɗin jikin rediyo, sai ta nuna 5V, 0.46A, wato ƙarfi da yawan wutar da ramin ke bayarwa. Na juyo masa ita ya gani da idonsa.

To abin da mutane ba su sani ba, wannan ramin a yawancin motocin da ake shigo mana da su na hannu, don filashin waƙa da karatu aka yi shi. Tsarin USB 2.0 ne, iyakarsa 0.5A wato wat 2.5, alhali cajar da ta zo da Infinix ɗinsa wat 33 ce. Batir mai 5000mAh a wannan ɗigon sai ya haura awa 10 bai cika ba, balle ga data a kunne ga taswira ga hasken sikirin an ƙure saboda rana, abin da ke shiga shi ke fita. Wasu motocin kan ba da 1.5A, sababbi masu Type-C sun fi haka, amma nawa ne a titinmu?

Ramin kunna sigari shi ne mai ƙarfin, 12V ne kuma fis ɗinsa kan kai 10A ko 15A. Nan ake soka caja mai saurin caji, wadda aka rubuta wa QC 3.0 ko PD, wat 18 zuwa sama. Masu tirela kuma kullum ina ja musu kunne su duba an rubuta 12-24V, don tasu wutar 24V ce, caja da yawa sun ƙone a haka.

Na soka wa direban irin wannan cajar a ramin sigari da wannan kebul ɗin dai da ya ce jabu ne, mita ta haye 9V, kafin mu gama ciniki waya ta ƙara 6. Biyu ya saya, ɗaya ta fasinjan gaba.